Ranar da Inna Ta Amsa Waya

Yaran nan da ke tuƙa tasi a Abuja yanzu, masu manna waya a jikin gilashi tana gaya musu inda za su karya kwana, su suka sa ni ɗaukar biro. Kusan kullum in na zauna a bencin mai shayi a tashar Utako sai na ji ɗayansu yana cika baki, wai tuƙi ba wani abu ba ne, mota ce mai canja giya da kanta, ƙafa ɗaya ta ishe ka, hannu ɗaya ma ya yi yawa. Ɗaya hannun kuwa an riga an ba waya, da shi ake amsa wa budurwa, da shi ake duba wa ya ci ƙwallo, alhali ga matar wani da 'ya'yan wani a kujerar baya. Ni sunana Isyaku, kuma a bayan sitiyari furfura ta same ni. Tun da kun ce abin mai sauƙi ne, bari in ba ku labarin aikin da ya fi kowanne daɗi a rayuwata, da yadda waya ta raba ni da shi ba tare da na taɓa ta ba.

A Dei-Dei na koyi mota, a hannun Malam Haladu, direban gingimari mai ɗaukar katako da siminti zuwa unguwannin da ake ginawa, lokacin rabin Abuja jar ƙasa ce da ciyawa. Kafin ya bar ni in taɓa sitiyari sai da na ƙoshi da wankin taya, da jan jak, da miƙo sifana, da sa gungumen katako a bayan taya in mun tsaya a gangare. Malam Haladu mayen goro ne, amma ban taɓa ganin ya ɓara goro mota na tafiya ba. Sai ya sa sigina, ya sauka gefen titi, ya ja birkin hannu, ya ɓara abinsa a natse, ya jefa a baki, sannan mu ci gaba. Wata rana haushi ya kama ni, na ce masa ai wannan ɓata lokaci ne. Ya dube ni ya ce, "Isyaku, hannunka biyu sitiyari ya riga ya yi hayarsu. Idonka biyu titi ya yi hayarsu. Baki kaɗai aka bar maka, shi ma ka yi salati da shi." Daga nan ya ce in sauka in duba ruwan lagireto.

Da farar hula suka dawo mulki, sai gari ya buɗe. Ko'ina gini, ko'ina tifa, ma'aikatu na sayen motoci kamar ana rabon gyaɗa. A lokacin ne wani darakta a wata ma'aikatar tarayya ya ɗauke ni direbansa. Ba zan faɗi sunansa ba, Darakta muke ce masa, Darakta zan ce. Mutumin arewa ne ɗan boko, mai tsabta, mai salla a kan lokaci, mai kyauta in ransa na fari, sai dai bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Motar ta gwamnati ce, amma daga aljihunsa yake biya na. Ya ba ni ɗaki biyu a bayan gidansa, ni da matata Hadiza da yaranmu, ga ruwan famfo, ga wutar janareto, ga makarantar yara nan kusa. Duk abin da na mallaka a garin nan a jikin makullin motar yake rataye, kuma na san haka.

Sai wayar hannu ta shigo. Ku da kuka tashi kuka gan ta a hannun mai kifi ba za ku gane ba. A lokacin, mutum zai shiga taro ya jera wayoyi a kan tebur kafin ya yi sallama, talaka kuma ya sayi tasa ba kati, sai filashin, ya kira ya katse don a kira shi. Darakta ya dawo daga ofis wata yamma ya miƙo mini ɗaya a kwali.

"Na saya maka ne don in same ka," in ji shi, "ba don ka same ni ba. In na kira, ka ɗauka."

"Ranka ya daɗe, in ina tuƙi fa?"

"Da kunne kake tuƙin?"

Na yi godiya na karɓa, don ba a ja da babba ranar da ya yi maka kyauta.

Matsalar da waɗanda suka ƙera wayar nan ba su hango ba ita ce mu. Mu ba mu iya gajeruwar waya ba. In babba ya kira ka, ba za ka ce masa kana kan hanya za ka kira daga baya ba, wannan raini ne. Sai an yi ina kwana, an tashi lafiya, yaya gajiya, yaya Hajiya, yaya yara, yaya aka ji da jama'a, kafin a zo ga abin da ya sa aka kira. Kuma jiki ba ya yarda cewa babban ba ya ganinka. Da idona na sha ganin mota a kan babban titi tana gudu babu kan direba, sai in san oga ne ya kira, direba ya rusuna.

Akwai Tanimu, direban wani babban sakatare, tare muke zaman jira a gindin bishiya a harabar ma'aikata. Shi ladabinsa ya kai inda in ogansa ya kira, hannu ɗaya waya, hannu ɗaya ya cire hula. Wata safiya kiran ya same shi yana dosar shataletale. Ya cire hula, ya sunkuya, motar ta ga ba mai ita, sai ta miƙe ta tsakiya ta kwanta cikin furannin gwamnati. Waɗanda suka ruga ceto sun rantse sun tarar da shi yana cewa, "Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe, lafiya ƙalau." Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo sai bamba da fitila. Kuna tsammani an kore shi? Ogansa ya gyara mota, ya riƙa ba da labari a ofis cewa yana da yaro mai tarbiyya.

Ni kuwa abin da Malam Haladu ke yi wa goro shi na yi wa waya. Kafin in tayar da mota sai in kife ta a ɗan ramin da ke tsakanin kujeru, fuskarta ƙasa, don ko haskenta kada ya ja mini ido. In ta yi ƙara sai in bar ta ta yi. In duba madubi, in sa sigina, in nemi wuri mai faɗi, ba kan kwana ba, ba kan gada ba, ba bakin mahaɗa ba, in fita daga titi gaba ɗaya, in tsaya cak, sannan in kira. In ba wurin tsayawa, to mai kira ya yi haƙuri har a samu. Daga baya aka kawo abin maƙalawa a kunne, wai hannu ya huta. Na gwada shi sau ɗaya a filin da ba kowa, na ga hannuna na kan sitiyari amma hankalina yana ƙauyenmu wurin rigimar gona, sai na ba Hadiza ta riƙa ɗaure bakin leda da igiyarsa.

Darakta bai ji daɗin tsarin nan ba ko kaɗan. Abin dariyar shi ne, in yana zaune a baya wayata ta yi ƙara, tun kafin in motsa zai daka mini tsawa, "Kada ka kuskura ka taɓa ta! Kashe ni za ka yi?" In kuwa shi ne a ofis ni ke kan hanya, to dokar ta tashi. Ya sha ce mini, "Malam Isyaku, kai kaɗai ne a Abuja ke sa ni jira. Minista ma yana ɗaukar wayata." Ni kuma in ce Minista ai a baya yake zama, ranka ya daɗe. Wata rana abin ya kai shi wuya, ya nuna ni da ɗan yatsa a gaban maigadi, ya ce in ya sake kira ban ɗauka ba, in ajiye masa makullinsa in kwashe kayana. Da na gaya wa Hadiza, ta daɗe tana kallon famfon tsakar gida.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Inna. Mahaifiyar Darakta ce, tsohuwa 'yar ƙarama mai ciwon gwiwa. Ya kawo ta gidansa ta ƙi zama, ta ce unguwar da maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci ba unguwa ba ce, sai ya gina mata gida a Kuje cikin mutane. Darakta shi ne ɗanta na fari, ita kuma tsohuwar gargajiya ce, mai kunyar ɗan fari irin ta da. Ba ta kiran sunansa, Mai Abuja take ce masa. In ya zo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da saƙo gare shi yana zaune a gabanta, ni za ta duba ta ce, "Isyaku, ka ce wa Mai Abuja rufin ɗakin baya yana yoyo." Ni kuma in juya in gaya masa abin da ya riga ya ji.

Ranar da abin ya faru, da damina ne, aka aike ni Kuje in ɗauko ta zuwa asibiti a cikin gari, likitan ƙashi zai duba gwiwar. Darakta ya ce zai fita daga mitin ya same mu can. Mun baro Kuje lafiya, muna hawa babbar hanyar filin jirgi sai sama ta buɗe. Ruwa ne irin wanda waifa ke sharewa yana dawowa kafin ta juyo. Ana aikin faɗaɗa hanyar, an haƙe gefen titi duka, rami ne cike da jan ruwa, babu inda za ka sa taya. Tifa a gabana ɗauke da yashi, tifa a bayana tana hura mini ƙaho, wata kuma tana neman wuce ni ta hagu tana watso mini taɓo. Na riƙe sitiyari hannu biyu, na rage gudu, ina bin jar fitilar ta gaba.

Sai wayar ta fara. Ban duba ba, amma na san mai kira, don shi kaɗai ke kira ya katse ya sake kira ba numfashi. Ta yi ta yi, ta tsaya, ta sake. Kowace ƙara ina ganin ɗakunan nan biyu, ina ganin yara da jakar makaranta. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma ramin da ke hannun damana ya fi kusa.

"Isyaku, abin nan naka kuka yake," in ji Inna daga baya.

"Ƙyale shi, Inna, sai mun sami wurin tsayawa."

"A'a. Ba kyau mutum ya yi ta sallama a yi banza da shi. Riƙe abinka, ni zan amsa."

Kafin in ce mata ga mai sallamar, ta miƙo hannu ta ɗauka. Ta san koren maɓalli, don 'ya'yanta mata na kiranta ta wayar maƙwabta. Ta danna, ta kai kunne, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji muryar ɗanta na fari. Nan take ta rufe bakin, ta kau da kai wajen taga kamar yadda ta saba.

Shi kuwa ya ji an ɗauka an yi shiru, ya ɗauka ni ne na rasa abin cewa. Wayoyin lokacin murya gare su, ko ruwan sama bai hana ni ji ba. Ya fara da jaki, ya wuce baƙauye, ya ce ya tsince ni a tasha ina warin baƙin mai. Ya zagi ubana. Ya zagi uwata, zagi na ƙare dangi, irin wanda ban san 'yan boko sun iya ba. Na buɗe baki zan ɗaga murya in ce Inna ce, sai na ga hannunta a madubi, ta ɗaga mini shi alamar in yi shiru. A daidai nan tifar gaba ta taka birki, ni ma na taka, motar ta ɗan ja gefe na dawo da ita. Darakta bai tsaya ba.

"Na bar mitin da Minista," yake cewa, "na zo na tsaya a barandar asibiti kamar masinja, duk saboda tsohuwar nan da ciwonta ba ya ƙarewa! Yau gwiwa, gobe baya, jibi ido! An ce ta zauna a gari ta ƙi, sai ta ja mini wahala daga Kuje! Kai kuma ka yi mini shiru? Ka yi magana mana!"

Inna ta bar shi sai da ya gaji. Sannan, wayar na nan a bakinta, ta dubi ƙeyata ta ce a hankali, "Isyaku, ka ce wa Mai Abuja muna hanya. Ka ce masa na ji."

Ban taɓa jin shiru irin wanda ya fito daga wayar nan ba. Ta mayar da ita ramin tsakanin kujeru ta kife ta yadda ta gan ta, ta gyara mayafinta. Har muka isa asibiti ba ta sake ƙara ba.

Mun same shi a baranda. Ya taho da sauri ya buɗe mata ƙofa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti da farar shaddarsa. Ta amsa wa ginshiƙi gaisuwarsa, ta dafa kafaɗar wata nas, suka shige. Ni ko kallo bai yi mini ba.

Kwanakin da suka biyo baya na ci gaba da kai shi ofis. Yana zaune a baya ba magana, ba jarida, ko waya ba ya yi. Har na fara cewa a raina ƙila abin ya wuce. Sai wata safiya ya kira ni falo.

"Malam Isyaku, ba ka yi laifi ba."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Amma ka ji abin da na faɗa."

"Ruwa ake yi, ranka ya daɗe, ban ji komai ba."

"Ka ji." Ya daɗe yana kallon kafet. "Da ka ɗauki wayar nan da kanka, da a kanka zagin ya tsaya, da yamma in ba ka na goro, shi ke nan an wuce wurin. Yanzu ba zan iya zama kullum ina kallon ƙeyarka ba."

Amsa ta zo mini har baki, cewa da na ɗauka da kaina ƙila da yanzu zaman makoki yake yi. Na haɗiye ta. Na ajiye makulli a kan tebur, na ajiye wayar kusa da shi. Ya sallame ni da mutunci, ya ba ni lokaci in nemi wurin zama, har ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Muka koma ɗaki ɗaya a Dei-Dei bayan 'yan katako, inda ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Yara suka zauna a gida. Na karɓi hayar wata tsohuwar tasi a Utako, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, in za a tayar sai fasinja sun taimaka da turi. Fasinjan ma kowa da halinsa, wani ya ce ka yi sauri zai makara, in ka yi saurin ya ce kai mahaukaci ne. Labari ya riga ni isa tasha, an san an kore ni a kan waya amma ba a san yadda aka yi ba, ni kuma ban faɗa ba, sai 'yan kamasho suka sa mini Isyaku Sai-an-tsaya. Tanimu kuwa a shekarar aka ƙara masa girma, ya koma tuƙi a ayarin manya, da jiniya.

Hadiza ce ta matsa mini. Ta ce tsohuwar nan ita ta ga komai, ita ka kai lafiya, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Na yi ta ja, har ranar da ƙaramin yaronmu ya tambaye ni ko an rufe makarantarsu ne. Washegari na sa rigata mai kyau na hau bas zuwa Kuje.

Na tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, gwiwar ta yi sauƙi. Ta yi murna da ganina, ta sa aka kawo mini fura, ta tambayi Hadiza da yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da na sha na ajiye ƙwarya sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na gaya mata ɗaki ɗaya, na gaya mata makaranta. Na ce ba na neman komai sai ta sa baki a mayar da ni.

Ta daɗe tana murza carbi.

"Isyaku, ranar nan na ga ramin, na ga manyan motocin. Na san abin da ka yi mini. Kuma in na aika a ce ya mayar da kai, gobe za ka koma."

"Allah ya ƙara girma, Inna."

"Tsaya. In ka koma, kullum da safe zai shiga mota ya gan ka, ya ji muryarsa. Ya zo nan ya yi kuka a bakin ƙofar can, da girmansa, na ce a gaya masa na yafe. Amma shi bai yafe wa kansa ba, yanzu ne ya fara iya cin abinci in ya zo." Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. "Ni na haife shi, Isyaku. Ka bar mini shi."

Duk shekarun da na yi ina shiga gidan nan ban taɓa jin ta ce nata ne ba sai ranar. Na ce to, Inna.

Ta kira wata jikarta ta ce a kamo mata kazar nan mai wake-wake, a ɗaure ƙafafun. Ta miƙo mini da hannunta, ta ce a yi wa yara miya. Na karɓa hannu biyu na yi godiya, don ba a mayar wa tsohuwa kyauta. Ranar da na ajiye makulli ban yi kuka ba, amma a bas ɗin komawa, da kaza a cinyata tana leƙen taga, sai da na rufe fuska da hula.